Inda Wutar da Ta Ja Yaya Ta Fito

Yayana ne ya koya mini aikin wuta. Shi ya fara tun mahaifinmu yana raye, ni kuma da na gama sakandare na rasa abin yi, sai na bi shi. Muna da ɗan shago a Fagge, bai kai ɗaki ba, inda muke ajiye tsani da ragowar waya, amma aikin kansa a gidajen mutane yake. Yawancin masu kiranmu 'yan Sabon Gari ne da masu sito a kasuwar Singa. Shi ke magana da mutane, ni ke hawa sama, saboda ya fi ni jiki kuma gwiwarsa ta fara damunsa. Ranar da ya faɗo daga tsani ina Singa ina ɗaura fanka, shi ya sa ya hau da kansa.

A asibiti na same shi. Ƙeyarsa ce ta bugu da bakin dakalin siminti. Sau ɗaya ya buɗe ido ya gane ni, ya ce, "Na cire katawut fa." Katawut shi ne babban fis ɗin da ke kusa da mita, wanda in ka zare shi gidan gaba ɗaya ya mutu. Na ce masa na sani. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. A ɗan yatsansa na dama na ga tabo, fari, bai fi ƙwayar dawa ba. Na san irinsa, na jan wuta ne, ina da biyu a hannuna. Ban nuna wa kowa ba.

A wurin zaman makoki a Rijiyar Lemo kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce jiri ne, wani ya ce hawan jini, wani ya ce tsanin ne ya zame. Babu wanda ya ce wuta, domin ranar babu wuta a Sabon Gari gaba ɗaya, tun safe aka ɗauke. Ni dai ina kan tabarma, ana miƙo hannu ina miƙawa, a ce ya haƙuri in ce da godiya. Mutane suna ta yaba tawakkalina. Ba tawakkali ba ne. Ba na jin komai ne kawai, kamar hannun da aka kwana a kansa. In aka kawo abinci in ci, in aka kira salla in tashi.

Bayan an watse, matar da ya faɗi a gidanta ta zo. Mama muke ce mata. Tsohuwa ce, Kirista, iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa tsafta. Mun daɗe muna yi mata aiki. Ta rufe kanta da mayafi, ta shiga wajen Innarmu da matar Yaya ta daɗe, sannan ta fito ta same ni a zaure.

"Ɗana, ba aiki na zo kiranka ba," ta ce. "Tsaninku yana nan a baranda. Wayoyin ma suna nan a zube daga silin. Na hana kowa taɓawa. Amma na kasa wucewa ta wurin, ta baya nake zagayawa. In ka samu hali ka zo ka ɗauke."

Na ce zan zo da safe.

Gidan tsoho ne, irin na da, mai doguwar baranda a ciki da ɗakuna a jere. An wanke dakalin, wurin ya fi sauran simintin haske. Tsanin yana jingine da bango, wani ya tayar da shi. Jakar kayan aikin Yaya tana ƙasa a buɗe, filayarsa a gefe. Aikin da ya zo yi ƙarami ne: fitilun barandar sun daina kamawa, ya buɗe mahaɗar wayoyin da ke cikin silin yana neman inda ta saki.

Na fara zuwa wajen mita. Katawut ɗin yana zaune a samanta, ƙura ta fara hawa kansa. Ya cire ɗin kuwa. Tun ranar Mama da fitilar caji take kwana.

Da niyyar ɗaukar tsani na zo, amma sai na ga na gyara masa zama na hau. A aikinmu jar waya ita ke kawo wuta, baƙa kuma ita ke mayar da ita. Yaya ya kwance mahaɗar baƙaƙen, guda uku suna reto, bakinsu a fere. Na ɗora testa, ɗan sukudireban da ke kamawa in akwai wuta, a kan ja, babu komai. Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, babu komai. Ranar ma babu wuta a unguwar. Ina jin janareton wani mai aski daga titi.

Na sauko na ɗauko mitar gwaji daga jakarsa. A kan ja ba ta nuna komai ba, haka baƙa ta farko da ta biyu. A kan ta uku sai lamba ta fito, 'yar kaɗan, tana hawa tana sauka. Na haɗa ƙwan gwaji a kanta, ƙwan bai ko yi ja ba, lambar kuma ta ɓace. Na san wannan. Waya takan ɗauki irin wannan in ta kwanta jikin wata mai wuta, ba ta da ƙarfin da za ta ja ko kaza. Ba ita ta yar da mutum kamar Yaya ba. Amma kuma a gidan da aka zare wa katawut, a unguwar da babu wuta, jikin wa ta kwanta?

Na bi ɗakunan Mama ina dubawa ko akwai batir ko wani abu da ke mayar da wuta baya. Babu, sai tsohuwar rediyo da firjin da ya zama kabad. Na leƙa bayan gida ko wani ya jawo waya daga janareto. Babu. Na dawo na sake hawa, na maƙala mitar a kan baƙar nan ta uku, na zauna a saman tsanin. Ban san me nake jira ba. Ba na tunanin Yaya, ba na tunanin komai. Ina kallon wata gizo-gizo a kusurwar silin.

Mama ta kawo mini ruwa a kofi, ta tsaya daga nesa, ba ta taka inda aka wanke ba.

"Ka sauko ka sha."

"To, Mama."

Ban sauko ba. Ta ajiye kofin a ƙasa ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta.

Can sai na ji ƙarar ƙofa a bayan bangon da barandar ta ƙare a kansa, sannan ɗan ƙas, irin na makunnin fitila. Lambar mitar ta yi tsalle ta cika, wuta sosai, irin wadda ke cikin soket. Na ɗora testa, ta yi ja jawur. Wayar tana kusa da fuskata, tsakaninmu bai fi taƙi ba. Na zauna ina kallonta. Ko gabana bai faɗi ba. Aka yi ta motsi a bayan bangon, kamar ana jan kwalabe, sannan ƙas kuma, ƙofa ta rufu. Testa ta mutu.

"Mama, wa ke bayan bangon nan?"

"Hajiya ce. Sitonta ne a wurin. Me ka gani?"

Na tambaye ta ko da can gidan ɗaya ne. Ta ce ƙwarai, na babanta ne duka. Da ya rasu 'yan'uwanta maza suka sayar da rabi suka koma garin iyayensu, aka ja bango a tsakiyar baranda. Wani Alhaji ya saya, mutumin Barno ne amma a Kano ya girma. Ya rasu tuni, matarsa ce a ciki, tana sana'ar turaren wuta da humra. Tun suna da ƙuruciya suke maƙwabtaka, in ji Mama, su yi faɗa a kan kwata su shirya, kuma makullin kowacce yana wajen 'yar'uwarta.

Na ɗaga murfin silin na shiga da tocila. Zafin da ke ƙarƙashin kwanon ya wuce misali, ga kashin ɓera, ga ƙura mai kauri kamar bargo. Na bi katako da rarrafe ina bin baƙar wayar da ido, ban taɓa ta ba. Bangon da aka ja iyakarsa silin. A sama gidan har yanzu ɗaya ne. Wayar ta haye ta kan bulo ta tafi abinta, ta sauka a wata fitila a ɓangaren Hajiya. Wanda ya raba wutar gidan a wancan lokacin ya yanke ja, ya kawo wa fitilar sabuwa daga mitar Hajiya. Baƙar ya bar ta yadda take. Ko mantawa ya yi, ko wayarsa ce ta ƙare, ban sani ba, kuma mai yiwuwa shi ma ya daɗe a ƙasa.

Ke nan shekara da shekaru fitilar nan tana shan wuta daga gidan Hajiya, tana mayarwa ta gidan Mama. Muddin mahaɗar tana ɗaure babu wanda zai sani. Ranar da aka kwance ta, wutar da ta shiga fitilar ba ta da hanyar komawa, sai ta tsaya a bakin wayar tana jiran abin da zai taɓa. Ta wata ɓula a kwanon na hango ƙafar ƙarfen da aka ɗaure allon solar gidan Hajiya a kai. Shi ya sa ɗauke wuta bai hana komai ba.

Na kwanta a kan katakon na ɗan jima, gumi yana shiga mini ido. Na samu abin da nake nema. Na jira in ji wani abu, fushi ko sauƙi, ban ji ba. Ƙishirwa kawai na ji.

Da na sauko na shanye ruwan, na ce wa Mama sai mun shiga gidan Hajiya, akwai wayar da zan gyara ta can. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta. Muka fita titi muka zagaya.

Hajiya doguwa ce, siririya, ta naɗe jikinta da dogon zane irin na matan Barno. Ta san ko ni wane ne tun kafin Mama ta faɗa. Ta yi mini gaisuwa mai tsawo, ta ce ta so zuwa amma ƙafa ta hana ta. Na ce ina so in ga fitilar sitonta.

"Ai kuwa ka zo a daidai, Malam. Ƙwan nan ya mutu. Na sa an canza, sabon ma bai kama ba. Da tocilar waya nake shiga."

"Amma ɗazu kin kunna."

"Hannu ne ya saba. In na shiga sai na danna, in zan fita in danna."

Ta buɗe mana. Ɗan ɗaki ne marar taga, kwalabe a jere har sama, itacen turare a buhu, ƙamshin ya yi yawa har yana ɗaci a maƙogwaro. Na haska holdar da ƙwan yake ciki, na ga wayoyin nan biyu, ja sabuwa, baƙa tsohuwa. Na nemi ta nuna mini inda inbata take, na'urar da ke ba gidan wutar sola, na kashe. Ɗanta ne ya sa mata, in ji ta, saboda zafi.

"Tun yaushe ƙwan ya mutu, Hajiya?" Don aiki na tambaya. Haka muke tambaya a ko'ina.

"Ya kwana biyu. Tun ranar da..." Sai ta tsaya.

Ta dubi Mama. Ta dubi bangon. Ta nemi buhun itacen da hannu ta zauna a kai.

"Wata mata ce ta zo sayen kayan amarya," ta ce a hankali. "Na shigo in ɗauko mata. Na danna, ya yi ƙyal ya mutu. Sai na ji abu ya faɗi a bayan bango, tim. Na ce ko Mama ce ta yar da tukunya. Har na gama auna wa matar kafin na ji ihu." Ta ɗago kai. "Malam, wayar nan tana zuwa gidan Mama?"

"Tana zuwa."

"Ita yake riƙe da ita?"

"Hajiya, fitilar ɗakinki kika kunna. Babu yadda za a yi ki sani. Shi ma bai sani ba, ga shi aikinsa ne."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na san akwai abin da ya kamata in ce. Na san Yaya da shi ne da ya samo wata magana mai laushi, ya iya wannan. Ni na duba cikina ban sami komai ba sai abin da mita ta nuna.

"E," na ce. "Lokacin ne."

"Haba, ɗana!" in ji Mama.

Hajiya ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Salati take yi, tana maimaitawa, tana kallon hannunta na dama kamar na wani ne. Mama ta durƙusa da ƙyar ta rungume ta tana cewa, "Gidan ubana ne, wayar ubana ce, in laifi ne nawa ne, ni na kira shi." Su biyu suka cika ɗan ɗakin. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ina auna da ido tsawon wayar da za ta kai daga holdar zuwa allon fis ɗin Hajiya. Na lura da abin da nake yi, na ga bai dace ba, amma na ci gaba da aunawa.

Akwai ragowar baƙar waya a jakar Yaya, ta isa. Na sake shiga silin, na yanke tsohuwar a daidai kan bango, na naɗe bakin kowane ɓangare da salatif, na ja sabuwa zuwa allon Hajiya. Na dawo ɓangaren Mama na ɗaure mahaɗar da ya kwance. Abin da ya hana fitilun barandar kamawa wata ja ce da ta saki a makunni, ba a silin ba ma. Na ɗaure ta, na mayar da katawut. Babu wutar da zan gwada da ita, na ce wa Mama in an kawo ta duba.

A gidan Hajiya na kunna inbata na danna makunnin. Siton ya yi haske, kwalaben suka ɗauki ido.

"Kashe," in ji ta. Na kashe.

Na yi azahar a wani masallaci a bakin titi. Babu mai adaidaita da ya yarda ya ɗauki tsani, sai na saɓa shi a kafaɗa na biyo ta gefen Singa, ta tsakanin manyan motoci da 'yan dako masu ɗauke da katan-katan, ana ta yi mini tsawa in kauce. Na ajiye shi a shago na rufe. A gida ban gaya wa kowa komai ba. Da matar Yaya ta aiko a tambaye ni ko na ɗauko jakarsa, na aika mata da ita.

Ba a daɗe ba, wata ranar Juma'a da hantsi, adaidaita ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mama ta fara fitowa, sannan ta taimaka wa Hajiya. Suka wuce ni a zaure, muka gaisa, suka shiga wajen Inna. Daga inda nake ina jin muryar Hajiya, ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana magana ba a katse ta ba. Na ji matar Yaya ta fashe da kuka daga ɗakin da take takaba. Sannan na ji Inna.

"Baiwar Allah, ke kika ba shi rai da za ki karɓa? Kwanansa ne ya ƙare. Da ba a gidan nan ba, da a wani wurin ne. Tashi daga ƙasan nan, ƙafarki ba lafiya gare ta ba. A kawo mata kujera."

Suka zauna har aka fara tafiya masallaci. Inna ta sa aka dama musu fura. Da za su tafi, matar Yaya ba ta fito ba, amma ta amsa sallamar Hajiya daga ciki. Daga baya Mama ta gaya mini Hajiya ta kwashe kwalabenta ta mayar falo, siton kuma ta sa masa kwaɗo. Ta ɗan bar sana'ar, sannan ta koma, don mata ba su daina zuwa ba.

Ranar, bayan na dawo daga masallaci, Inna ta kira ni. Tana zaune a kan dardumarta, carbi a cinya.

"Kai ka gaya wa matar nan?"

"Ita ta tambaye ni, Inna."

"Da ka ce ba ka sani ba."

"Na sani ne."

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka faɗa za ta yi, na sunkuyar da kai ina jira.

"Ya sha wahala?" ta ce.

"Wutar ba ta riƙe shi ba. Ture shi ta yi. Faɗuwar ce."

Ta gyaɗa kai, ta ja carbinta ɗaya, biyu.

"Idonka duk ya faɗa," ta ce. "Je ka kwanta."

Na je na kwanta a ɗakin zaure, da kayana a jikina. Na yi barci har aka kira la'asar.